Kwana Takwas a Bakin Tafkin Saimaa, Waya a Cikin Gwangwani

Ranar da za mu tashi daga Helsinki na kira mahaifiyata da sassafe, na shaida mata cewa kwana takwas ba za ta same ni a waya ba. Ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta tambaye ni ko lafiya, domin a saninta ba a rasa mutum a ƙasar Turawa sai in an kwantar da shi a asibiti. Na ce, "Lafiya lau, Inna. Wani abokin aikina ne ya gayyace ni gidan hutunsu da ke cikin daji, kuma babu wutar lantarki a wurin." Sai ta ce, "Ikon Allah! Ashe su ma suna da inda babu wuta. To, Allah Ya kiyaye hanya, Ya dawo da kai lafiya. Ka dai kula da salla." Wannan kalma tata ta ƙarshe ita ce ta zame mini babban aikin tafiyar, ko da yake a lokacin ban san haka ba.

Mutanen Finlan suna kiran irin wannan gida mökki, kuma ba abin masu hannu da shuni ba ne su kaɗai. Al'ummar ƙasar ba ta kai miliyan 6 ba, amma gidajen hutun da ke bakin tafkunanta da tsibiranta sun kai kimanin 500,000, saboda haka da wuya ka sami iyalin da ba su da nasu ko na wani ɗan'uwa da za su raɓa. Dokar ƙwadago ta ba ma'aikaci hutun makonni 4 a lokacin zafi, yawancinsu kuma watan Yuli suke zaɓa, ofisoshi su yi tsit, birane su rage mutane. Mun saba kiran wannan lokaci nasu bazara, amma kalmar ba ta zauna daidai ba. Bazararmu ita ce sa'ad da ƙasa ke ƙuna, rijiyoyi su ja baya, kowa ya zuba wa gabas ido yana jiran hadari. Tasu kuwa tana faɗowa daidai da daminarmu, zafinta bai cika wuce digiri 25 ba, kuma ita ce abin da suke ɗoki bayan watanni na duhu da ƙanƙara.

Mun bi ta Lahti da Mikkeli muka nufi Puumala, tafiyar kimanin kilomita 300. Puumala ƙaramar hukuma ce da mazaunanta na dindindin ba su fi 2,000 da 'yan kai ba, kuma gidajen hutu a cikinta sun fi gidajen zama yawa. Tana tsakiyar Saimaa, tafki mafi girma a ƙasar, wanda faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 4,000, sai dai ba shimfiɗe yake wuri ɗaya ba, ya rarrabu lungu-lungu tsakanin dubban tsibirai. A ƙarshen wata hanyar burji muka ajiye mota, muka loda kayanmu a kwale-kwale, abokina ya tuƙa mu zuwa tsibirin da iyayensa suke jiranmu.

Gidan ɗaki biyu ne da baranda, an gina shi da gumagumai da aka jera ɗaya bisa ɗaya, aka cusa gansakuka a tsakaninsu don kada iska ta shiga, aka shafe bayansa da wani jan fenti na gargajiya wanda ake dafawa da jar ƙasa da garin hatsi. A ciki akwai murhun ƙarfe na itace, da tebur, da gadaje huɗu, da fitilar ƙwai, da wani agogon bango da ake ɗaure wa zare da mabuɗi. Ruwan sha daga rijiya ake ɗebo shi da guga. Madara da man shanu suna wani ɗan ɗaki da aka haƙa cikin ƙasa, wanda sanyinsa ya tuna mini da randar da ke ƙuryar ɗakin kakata. Makewayi kuma yana can baya, ɗan akurki ne na katako, idan mutum ya gama sai ya zuba ɓawon itace da aka daddatsa, bayan shekara biyu ko uku a kwashe a kai wa shuke-shuke taki. Babu ko ɗaya cikin waɗannan da ya zame mini baƙo, domin a cikin irinsu aka haife ni.

Abin da ya fara yi mini nauyi shi ne sunan masu gidan. A Finlan yaro yana kiran malaminsa da sunansa, ma'aikaci ya kira shugabansa da sunansa, kuma dattijon nan mai shekara saba'in da ɗoriya haka ya miƙo mini hannu ya faɗi nasa, yana nufin in riƙa kiransa da shi. Bakina ya kasa. Na roƙi abokina ya bayyana masa cewa a wurinmu wanda ya haifi abokinka ya haife ka, don haka ina neman izini in kira shi Baba, uwargidansa kuma Mama. Dattijon ya maimaita kalmar sau biyu a hankali, ya gyaɗa kai, kuma daga ranar har muka rabu da ita yake amsa mini.

A kan wani kanta kusa da ƙofa akwai tsohon gwangwanin biskit, a ciki ake zuba wayoyi. Dokar gidan ke nan tun jikokinsu suna ƙanana. Ya kamata mai karatu ya fahimci cewa ba rashin sabis ne ya jawo haka ba. A ƙasar nan aka yi kiran GSM na farko a duniya a shekarar 1991, shekara goma kafin ya iso Najeriya a 2001, kuma daga nan Nokia ta fito, wayar da yawancinmu muka fara riƙewa. Tun 2010 dokarsu ta mayar da samun intanet haƙƙin kowane ɗan ƙasa, kuma gidajen hutu da yawa yanzu suna da wuta da talabijin. Su waɗannan dattawa da gangan suka ƙi jawo wutar. Wata tsohuwar waya guda Baba yake kunnawa na 'yan mintoci kowace yamma saboda larura, lambarta kuma na riga na bai wa ƙanena. Na kashe tawa na saka a gwangwanin, Mama ta rufe.

Kwana biyun farko ban ji daɗinsu ba, kuma ba zan ɓoye dalili ba. Bahaushen da ke ƙasar waje wayarsa ita ce zauren gidansu: ta nan ake sanar da shi haihuwa da rasuwa, ta nan ake kawo masa kukan kuɗin makaranta da na asibiti, ta nan yake bin labarin hanyoyin da 'yan'uwansa suke bi ko akwai lafiya. Hannuna ya riƙa kai kansa aljihu ba tare da na aike shi ba, zuciyata kuma tana raya mini cewa wani abu yana faruwa a gida ni ban sani ba. Sai da na ga Baba ya kunna wayarsa yamma biyu a jere, ya dube ni ya girgiza kai alamar babu saƙo, sannan hankalina ya fara kwanciya.

Tun yammacin farko kuma na tarar da abin da Inna ta faɗa. Shekaru ke nan manhajar waya ce ladanina, ita ce kuma mai nuna mini alƙibla, har na daina ɗaga kai in dubi sama. Da na yi alwala na ɗauko sallaya, sai na tsaya a baranda ina juye-juye. A ƙasar Hausa gabas da alƙibla kalma ɗaya ce, idan an ce mutum ya fuskanci gabas an gama magana. A nan kuwa Makka tana kudu ne, da ɗan karkata kaɗan zuwa gabas, a watan Yuli kuma rana ba ta fitowa daga gabas sosai, daga arewa maso gabas take ɓullowa, ta zagaye sama ta faɗi a arewa maso yamma. A daren nan Baba ne ya nuna mini kudu da hannunsa, na yi salla a kan maganarsa.

Washegari na tuna da karatun da muka yi a zauren malaminmu, babin lokutan salla na Risala, da yadda mahaifina, Allah Ya jiƙansa, yake tsayawa a gona ya auna inuwarsa da sawunsa. Tsawon mutum sawunsa bakwai ne. Idan inuwa ta gama raguwa ta fara ƙaruwa, rana ta yi zawali, azahar ta shiga. Idan ta ƙaru da tsawon mai ita a kan abin da ya rage mata a tsakar rana, la'asar ta shiga. Na sami wani shimfiɗaɗɗen dutse a gaban gida, na kafa sanda a wata tsaga, na tara tsakuwoyi, duk bayan ɗan lokaci in ajiye ɗaya a kan bakin inuwar. Agogon bango yana nuna ƙarfe 1 da kwata lokacin da inuwar ta kai ƙarshen gajartarta, kuma a daidai wannan lokaci arewa take nunawa, saboda haka na juya mata baya, na ɗan karkata hagu, na sami alƙiblata da idona. Abin da ya ba ni mamaki shi ne tsawonta. A ƙauyenmu a irin wannan wata inuwar tsakar rana ba ta fi sawu ɗaya ba, tana maƙale a ƙarƙashin ƙafar mutum. A nan na auna tawa na sami sawu shida, domin rana ba ta hawa tsakiyar sama ko kusa. La'asar ba ta shiga ba sai da inuwata ta kai sawu goma sha uku, ƙarfe 6 saura kaɗan.

Magariba ba ta da wahala, illa dai a jira, domin rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe 10 da rabi na dare, ta sake fitowa kafin ƙarfe 4. Isha'i da asuba su ne masu wuya. An koya mana cewa isha'i tana shiga idan jan shafaƙi ya ɓace, amma a nan ba ya ɓacewa. Na zauna a kan dandamalin katakon da ya shiga cikin ruwa na dare guda cur ina kallonsa: jan ya tsaya a gefen sama ta arewa maso yamma, ya riƙa jan ciki a hankali ta bayan itatuwa zuwa arewa, daga nan zuwa arewa maso gabas, sai kawai ya zama alfijir ba tare da duhu ya raba su ba. Na shekara da shekaru a ƙasar nan ina ganin lambobin wannan al'amari a fuskar waya, amma ban taɓa ganinsa da ido ba sai a daren. Malamai sun yi magana a kan irin waɗannan ƙasashe, suna kafa hujja da hadisin yinin da zai yi tsawon shekara, inda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci sahabbai su ƙaddara lokutan. Wasu sun ce a bi gari mafi kusa da alamomin ke bayyana, wasu sun ce a raba daren, wasu kuma sun yi sauƙi a haɗa magariba da isha'i. Musulmin Tatar da suka zauna a ƙasar tun ƙarshen ƙarni na 19, suka yi wa jama'arsu rajista a 1925, sun daɗe da sanin wannan matsala. Ni ba fatawa nake bayarwa ba, abin da wani malami ya shawarce ni tun a Helsinki na bi, ina sallar isha'i wajen sha biyun dare, asuba kuma wajen biyu da rabi, barcin kirki sai bayan nan.

Daga rana ta uku aikin gida ya ɗauke ni. Da hantsi ni da abokina muke faskare, kuma itacen da suka fi so shi ne koivu, mai farin ɓawo wanda yake kama wuta nan take ko da ya ɗan jiƙe, shi ya sa da shi ake hura murhu. Mu ɗebo ruwa, mu haƙo tana a bayan gida, mu shiga kwale-kwale da fatsa mu kamo wani kifi mai ratsi-ratsi da suke kira ahven. Da yake sun san ba na cin naman alade, wanda da shi ake yin yawancin tsiran da suke gasawa a lokacin hutu, kifi ya zama abincinmu: Mama takan birkita ƙananan kifin muikku cikin gari ta soya da man shanu, a ci da sabon dankalin Turawa da baƙin burodi, a kora da gahawa. Wata yamma Baba ya tsayar da tuƙi ya nuna mini wani kai mai sulɓi da ya ɓullo can nesa. Norppa ce, dabbar ruwa mai ɗan kama da ayu, wadda babu irinta a ko'ina a duniya sai a wannan tafki, kuma ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba, shi ya sa ake hana kafa raga a wuraren da suke har ƙarshen watan Yuni don kada 'ya'yansu su maƙale.

Muna kuma shiga daji tsinkar mustikka, wasu ƙananan 'ya'yan itace shuɗɗa da suka fara nuna a lokacin, masu rina baki kamar ɗinya. Dajin ba na masu gidanmu ba ne, amma dokar ƙasar ta ba kowa, har baƙo, damar ya ratsa kowane daji ya tsinci 'ya'yan itace da naman kaza, muddin bai matsa kusa da gidan wani ba, bai sare itace ba, bai kuma hura wuta ba sai da izinin mai wurin. Na gaya musu cewa mu ma haka muka tashi, ba wanda yake hana yaro kanya ko magarya ko aduwa a daji, kuma bayan girbi ana barin kala ga wanda ba shi da gona. Sauro yana da yawa ƙwarai, sai dai cizonsa ba ya kawo maleriya irin tamu. Kaska ce suke tsoro, kowace yamma sai mutum ya duba jikinsa.

Da maraice ake hura sauna, wani ɗan ɗakin katako a bakin ruwa mai murhu da aka tula wa duwatsu. Idan zafin ya kai digiri 80 sai a shiga a zauna, a watsa ruwa a kan duwatsun, tururi ya tashi ya rufe mutum kamar mai sirace, sannan a fita a faɗa tafki. Maza daban suke shiga, mata daban, kuma tun a mota na gaya wa abokina cewa addinina bai yarda in buɗe al'aurata ba, babu wanda ya ja zancen, da wandona nake shiga. Suna ɗaure ɗanyen ganyen koivu su tsoma a ruwan zafi su riƙa fyaɗa wa jiki, abin da mutanen gabashin ƙasar suke kira vasta. Ganin haka ya sa na ba Mama labarin wankan jego, yadda ake tafasa ruwa safe da yamma har kwana arba'in, a tsoma ganyen darbejiya ko na tsamiya a riƙa fyaɗa wa mai jego. Ta ajiye abin da ke hannunta ta saurara da kyau, sannan ta ce a dā matan karkara a sauna suke haihuwa, a nan kuma ake yi wa mamaci wanka, ita ma mahaifiyarta a ciki aka haife ta. Hukumar UNESCO ta saka wannan al'ada cikin gadon duniya a 2020, amma a bakin wannan tsohuwa na fahimci nauyinta.

Bayan sauna mukan zauna a baranda, kuma a nan na koyi zama da mutum ba tare da magana ba. Mu a wurinmu shiru a cikin taro alamar damuwa ce ko fushi, gaisuwa kaɗai tana iya cin minti biyar. Su kuwa suna iya zama sa'a guda babu wanda ya ce uffan, sai kukan wani tsuntsun ruwa da suke kira kuikka, kuma ba su ɗauki hakan rashin kulawa ba. A dare na shida ne Baba ya buɗe baki da kansa, ɗansa yana yi mana tafinta. Ya ce a karkarar nan aka haife shi bayan yaƙi, a gidan da babu wuta, kuma ya ga mahaifiyarsa tana fasa ƙanƙarar tafki don ta ɗauraye wanki. Yana saurayi ya bi sahun dubban matasan da suka bar gonaki a shekarun 1960 da 1970 suka tafi birane da Suwidin neman aikin masana'anta. Ya ce ba ya kewar waccan wahala ko kaɗan, kuma ba ya so kowa ya yi masa ƙaryar cewa zamanin dā ya fi daɗi. Amma da ya ga 'ya'yansa suna tashi a bene ba su san sunan itace ko ɗaya ba, sai ya dawo kan ɗan filin da ya gada ya ɗora gumaguman nan da hannunsa.

Maganarsa ta hana ni barci, domin ta kai ni gidan kakana a wani ƙauye na ƙasar Kazaure, mai zaure da shigifa da rumbuna uku da darbejiya a tsakar gida. Ina so in yi adalci a nan, don kada wani ya ɗauka cewa daga Turai nake yi wa talauci kirari. Rashin wuta a tsibirin Baba zaɓi ne: ruwan rijiyarsa mai tsabta ne, idan ciwo ya kama wani lamba 112 kawai za a buga, idan sanyi ya shigo kuma kowa ya koma gidansa mai ɗumi. Rashin wuta a ƙauyenmu dole ne, kuma mace mai naƙuda da tsakar dare da ɗalibin da ke karatu da fitilar waya su suka san kuɗin da ake biya. Akwai kuma 'yan'uwanmu a sassan Zamfara da Katsina da Sakkwato waɗanda ko sun so komawa ƙauyukansu, rashin tsaro ba zai bar su ba. To amma mu namu ƙauyen lafiya yake, alhamdu lillahi, kuma duk da haka tun rasuwar kakanmu babu ɗaya daga cikinmu da ya kwana uku a jere a gidan. Muna Kano da Kaduna da Legas da ƙasashen waje, mu je gaisuwar mutuwa da hantsi mu juyo kafin la'asar. Ginin ƙasa kuwa yaɓe yake so kowace shekara, kuma Hausawa sun riga sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. 'Ya'yan yayyena ba su san yadda ake zura guga ba, ba su iya bambanta gero da dawa a gona ba, ba su taɓa ganin mutum yana auna inuwarsa ba, ni kaina da na gani da ƙuruciya sai da na zo arewacin duniya na tuna.

Ranar da za mu tafi na je zan zare sandar da na kafa, Baba ya hana ni, ya ce a bar ta da tsakuwoyinta, jikokinsa suna zuwa mako mai zuwa zai nuna musu. Mama ta buɗe gwangwani ta miƙo mini wayata tare da kwalbar mustikka da ta dafa da sukari. Ban kunna ba sai da muka iso Mikkeli. Saƙonni suka yi ta shigowa, na wuce su duka na kira Inna. Bayan mun gaisa, tambayarta ta farko ita ce ko na samu na yi salla a kan lokaci, na ba ta labarin alƙiblar da ke kudu da shafaƙin da ba ya ɓacewa, tana ta salati. Sannan na tambaye ta halin da gidan Malam yake ciki, domin haka muke kiran kakan namu. Ta ce ruwan makon jiya ya zubar da kusurwar zauren, azara biyu sun karye, indararon ma ya faɗi tun bara.

A daren na kira ƙanena, na ce ya je ƙauye ranar Juma'a ya nemo magini ya duba, a yi lissafin azara da ƙasa da kuɗin aiki, a fara da zarar ruwa ya ɗauke, ni kuma zan nemi hutu a watan Disamba in zo da iyalina mu yi mako biyu a can. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Yaya, ɗaki ɗaya za a gyara ko biyu?" Na ce ya fara da zauren, sai ɗakin da ke kusa da rijiya.